Allon Unguwar Tudu

Ni dillalin gidaje ne, shekara goma sha tara ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna aka fara matsar da allon.

Allo ne na ƙarfe mai ƙafa biyu, an rubuta sunan unguwar tudu a jikinsa. Daga shi zuwa sama, gida mai ɗaki uku ya ninka kuɗinsa sau uku cikin ɗan lokaci. Daga shi zuwa gangare, inda aka haife ni, ko tayin kirki ba ka samu. Ƙasa ɗaya, bulo ɗaya, sauro ma ɗaya ke cizonmu, suna ne kawai ya raba. To me ya fi sauƙi? Ni da abokin aikina Dogo muka sayi riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan hanya, da rana tsaka muka tuge allon, muka dasa shi layi ɗaya ƙasa. Ba wanda ya ce mana kanzil. Wata tsohuwa ma sannu da aiki ta yi mana.

Cikin shekara biyu mun ci layi shida.

Masu sayen ba zama suke yi ba. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, ta waya ake gama komai. Su saya, su shafa fenti ruwan toka, su sa baƙin get, su garƙame. Layin da a da ba ka iya ratsawa saboda hayaniyar yara da masu talla, sai ya koma kana jin takun takalminka. Tambayarsu kuwa ɗaya ce kullum: da mutane a ciki? Gida mai mutane yana karya farashi, don sai an sha fama kafin su tashi. Shi ya sa bakin kowane dillali ya saba da amsa ɗaya: babu kowa. Ko mutum ashirin ne a tsakar gidan, babu kowa, daga baya a san yadda za a yi da su.

A layi na shida akwai wani tela da ke haya a shagon jikin gidan da Dogo ya sayar. Kwana biyu da cinikin na kai wa telan wando ya rage mini. Ƙofa a buɗe, fanka tana juyawa, yadi yana ƙarƙashin allurar keke, matashin kujerarsa ma bai gama tasowa daga lotsawa ba. Na yi awa guda ina jira. Da na gaji na tambayi mai gadin gidan da ke kallon shagon.

"Tela?" in ji shi. "Watana takwas a nan, ban taɓa ganin tela ba."

Mutumin nan da idona na sha ganinsa zaune a bakin shagon suna hira da telan. Da na gaya wa Dogo, cewa ya yi ai halin teloli ne, ya gudu da ɗinkin mutane. Na taya shi dariya, amma iya baki ta tsaya, domin layin da ke biye shi ne namu, kuma gidan farko bayan kwalbati na mahaifiyata ne.

Washegari na sayi siminti buhu guda, na kafe ƙafafun allon a saman kwalbatin. Na ce wa Dogo, "Wallahi ranar da allon nan ya tsallaka, ni da kai mun raba hanya." Sannan na je na roƙi Inna ta dawo wajena, ko na wata uku ne.

"Kai ɗan nan, ni kujera ce da za a ɗauka a sauya wa ɗaki?" in ji ta. "Babanku a ɗakin can ya cika. Je ka sayar da na mutane, nawa da mai shi."

Na ƙyale ta. Allo dai ya kafu, na ce shi ke nan.

Sai dai dillali yana da wani ciwo: ba ya iya kallon gida bai so jin nawa zai yi ba. Rannan Inna ta tafi asibiti duba ido, na zaga ɗakunan na ɗauki hotuna, na sa a shafinmu na talla. A wurin sunan unguwa na rubuta unguwar tudu. Ba sayarwa zan yi ba, Allah ya sani. Farashin kawai nake son ji.

Ran Asabar da hantsi ina gidan. Inna tana wanki a bakin famfo, tana yi mini tsiya wai tumbina ya riga ni shigowa. Waya ta yi ƙara. Na fita bakin ƙofa, don ba a maganar kuɗi a gaban mai gida. Muryar ba ta yaro ba ce, ba ta tsoho ba, a natse take. Mai kiran ya ambaci kuɗin da ban taɓa jin an taya gidan gangare da irinsa ba.

"Unguwar tudu ne, ko?"

"Ƙwarai kuwa."

"Da mutane a ciki?"

"Babu kowa."

Maganar ta fita daga bakina kafin in san na faɗa. Ina tsaye ina jin zubar famfo, amma ƙarar cuɗa wankin ta tsaya.

Na koma ciki da gudu. Baho ya cika yana ambaliya, zanenta yana ciki da kumfa a kai. Silifas ɗinta suna nan gefe da gefe, a jiƙe. Na duba ɗakunan uku, na duba banɗaki, har bayan tankin ruwa na leƙa kamar mai neman kaza. Ƙofar gidan ɗaya ce, kuma ni ne a tsaye a bakinta.

Na kira yayata a waya. "Yaya, Inna ta zo wajenki?"

Ta ce, "Wace Inna?"

"Innarmu mana! Wadda ta haife mu!"

"Ka ga, ina da aiki," in ji ta a hankali, kamar mai lallashin maras lafiya. "In ba ka jin daɗi ne ka je ka kwanta."

Ban sayar ba. Na cire tallar tun ranar, na kwaso kayana na dawo gidan, ina kwana a ƙaramin ɗaki don kada in taɓa nata. Ina kewarta, kuma duk duniya ni kaɗai nake yi.

Duk da na cire tallar, har yau ana kira, wani lokacin sau biyar a yini. Ba na ƙin ɗauka. Ina jira a zo kan tambayar, in ce akwai mutum a ciki, tsohuwa ce, uwata ce, tana nan ba inda za ta. Na faɗa ya fi sau dubu, da ƙarfi, ina fuskantar bakin famfon. Sai mai kiran ya ce to, ba damuwa, ya ƙara kuɗi.