Kauɗar Kawu Baballe

Ranar Laraba ce, cikin watan Maris na 2006. Rana ta take tun ƙarfe goma, ko ganye ba ya motsi. Na zagayo da gudu ta bayan gidan maƙwabcinmu Kawu Baballe, na tarar da shi zaune a bakin kanal, guntuwar ƙafarsa naɗe da bandeji, yana korar kaji da sandar dogarawarsa.

"Kawu, yau za a sako ruwa."

"Gobe dai."

"Wallahi yau. Yanzu na rabu da Mika'ilu mai buɗe getin ruwa a wajen mai shayi. Masu albasa sun matsa masa, an dawo da layinmu yau da azahar."

"Suhaibu, kai da ka gudu daga aji biyu, kai za ka koya mini ƙirga ranaku?"

Ya yi dariya, amma idonsa na cikin kanal ɗin. Ƙaramin kanal ne na siminti da ya bi ta bayan gidajenmu. Ruwa layi-layi ake sako masa, ya kwana huɗu a bushe. A ƙasansa, tsawon taku hamsin, tumatir ne yankakke muka shanya, jawur. Kwana biyu ni da matarsa Indo muna yanka har yatsunmu suka yi fari.

Shekara ashirin Kawu ya yi yana ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas, kafin motar ta kife da shi bara. Jarin ya tafi, ƙafar hagu ma ta bi shi, ciwon suga kuma ya hana wurin warkewa sosai. Sai ga wata ƙungiya daga Kano mai ba naƙasassu rancen sana'a. Ya cike fom sau uku, ya yi hoto, mai unguwa ya sa hannu. Abu ɗaya ya rage: ma'aikacinsu ya zo ya ga sana'ar da idonsa, kuma ranar Larabar nan ya ce zai zo. Kawu ya zaɓi kauɗa, wato busasshen tumatir, don a zaune ake yankanta. Kowa a filin bayan gari yake shanya, shi kuwa sanduna ba za su kai shi can ba.

"To mu kwashe a buhu," na ce. "In ya zo ya gani a buhu."

"Haka Nasiru makaho ya yi. Ya jera musu buhu goma, suka ce aro ya yi, suka soke sunansa. Sun san halinmu. Sai ya gan ta a shanye. Kuma ɗanyar kauɗa ka ɗaure ta a buhu, kafin gobe ta yi baƙi."

"Ruwa fa, Kawu?"

"Hau kekenka ka je ka roƙi Mika'ilu. Awa ɗaya kawai."

Na taka keke kamar zan karya shi. Na sami Mika'ilu a kan geti, manoma sun kewaye shi, kowa da fartanya a kafaɗa.

"Awa ɗaya?" ya ce. "Dubi mutanen nan. Albasarsu ta kwanta. Wa ya ce ya yi shanya a hanyar ruwa?"

"Gurgu ne, Malam Mika'ilu."

"Na san Baballe tun ba a haife ka ba." Ya share zufa da hularsa. "In an sallame azahar zan buɗe. Abin da zan iya ke nan. Ku kwashe."

Na dawo na faɗa wa Kawu. Ya ce in tafi bakin titi in tsare motar, kada ma'aikacin ya ɓata a lungu. Indo ta leƙo ta kan katanga.

"Malam, ka bari mu fara kwashe na can sama mana."

"Ya zo ya ga rabi? Ya ce wannan ai na miya ne?"

Na tsaya a bakin titin Zariya ina leƙa duk motar da ta rage gudu. Bas-bas ne kawai da 'yan acaɓa. Aka kira salla. Aka sallame. Ban jira komai ba, na juya.

Ruwan kanal ba ya zuwa da ƙara. Tafowa yake a hankali, bakinsa na turo leda da busasshen ganye. Lokacin da na iso, ya rage masa kamar taku ashirin ya taɓa shanyar. Indo na ciki da baho tana kwasa da hannu bibbiyu, mayafinta ya faɗi. Na yi tsalle na shiga.

"Kawu, kar ka sauko!"

Ya riga ya zamo da gindi. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya gicciya zana a gaban ruwan, ya danne ta da ƙirji.

"Ku kwasa! Na riƙe shi!"

Ya riƙe shi kuwa, kamar minti biyu. Daga nan zanar ta lanƙwashe, sandar ta zame a kan tumatir, ya kife. Da na ɗago shi, ruwa ya kai mana gwiwa, bandejin ya warware yana bin ruwa, wurin ɗinkin ya buɗe. Na goyo shi na fitar. Kauɗar yake kallo tana wucewa.

Sai bayan la'asar ma'aikacin ya iso, saurayi ne mai ladabi, ya ce taya ce ta fashe musu a hanya. Ya tsuguna ya gaida Kawu.

"Baba, ina kayan?"

"Ga su can, sun kama hanyar Bunkure."

Saurayin ya dubi baho biyun da muka tsira da su, ya dubi takardarsa.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba. Nan da sati biyu zan dawo."

"Allah ya kai mu," in ji Kawu.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Indo ta ce asibiti, ya ƙi.

"Su ƙara yankewa zuwa cinya? Mutumin nan ya dawo ya tarar ba na gida?"

Ran Asabar ɗakin ya fara wari. Ran Litinin ya daina gane mu, yana ta kiran farashin kwando kamar yana kasuwa. Muka sa shi a mota zuwa asibitin Kura. Da hantsin Talata ya cika, hannunsa a cikin na Indo.

Bayan sadakar uku na bi kanal ɗin da ƙafa, an sake ɗauke ruwan. A bakin kwalbati na ga abin da ya maƙale a jikin ƙarfen tace shara, ya bushe ya yi baƙi, wata akuya tana tsinta. Na zauna a kan simintin na ƙirga. Tumatir kwando goma sha huɗu. Zana ɗaya. Sanda ɗaya, ba mu taɓa ganinta ba. Da Kawu Baballe, mai shekara hamsin da biyu.