Sunan da Ke Gefen Layi

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗan ofishin nan na Malam Datti da ke saman bene a Suleja ya san abu ɗaya game da Rabi'a: ba a yi mata tambaya kan edita, wato manhajar da suke rubuta aikinsu a cikinta, in ana sauri. Ka ce mata, "Anti Rabi, yaya ake share layi?" to, ka nemi kujera. Sai ta nuna maka hanya uku, ta gaya maka wadda ta fi, sannan ta ja kibod ɗin gabanta ta saita maka maɓalli ɗaya da zai riƙa yi maka aikin har ka tsufa. Shayinta ya sha hucewa a kan haka.

Manhajar makarantu suke rubutawa, su huɗu, har da shi mai kamfanin, wanda ya daɗe da daina rubutu ya koma yawon neman kwangila. Makarantun kuɗi na Suleja da Gauraka da Garam su ne abokan cinikinsu. Manhajar na tara makin yara, ranar hutu ta tura wa kowane uba sakamakon ɗansa ta waya.

Editan da Rabi'a ke rubutu da shi Vim ne, baƙin allo mai kama da ba komai a cikinsa. Shekara huɗu tana gina fayil ɗin saitinsa, layi bayan layi, tun tana ɗaukar na wasu har ta iya rubuta nata. Ba ta taɓa linzamin kwamfuta in tana aiki. In edita ya birkice mata, ba ta ihu ba ta kiran kowa. Sai ta buɗe shi tsirara ba saiti, in ya yi lafiya ta san matsalar daga wurinta take, sai ta kashe rabin saitin ta gwada, ta sake kashe rabin rabin, har ta cafko layin da ke da laifi. Tana alfahari da wannan, kuma gaskiya ta cancanta. Sai dai tana da ciwo guda: ba ta iya ganin rubutu a hargitse ta wuce. Wani ya shigar da layinsa ciki da maɓallin tab, wani da sarari huɗu, wani da uku don ganin dama. Wannan na tsaya mata a rai kamar yashi a shinkafa. Don haka ta saita editanta, duk fayil ɗin da ta adana sai ya bi shi daga sama har ƙasa ya daidaita shi. Kayode, abokin aikinsu, ya taɓa ce mata, "Madam, wannan tsaftar taki za ta jawo wahala wata rana o." Ta ce masa ƙazami ne ke tsoron tsintsiya, suka yi dariya.

Lidiya kuwa Rabi'a ce ta kawo ta ofishin. Maƙwabciyarsu ce, 'yar wani malamin firamare, ta gama karatu tana zaune a gida. Rabi'a ta roƙi Malam Datti ya gwada ta, ta zaunar da ita kusa da ita wata shida tana koya mata. Tare suke zuwa, tare suke cin abincin rana, ranar Kirsimeti Rabi'a ce ke fara samun cincin daga gidansu.

Ranar wata Laraba, saura kwana biyu a yi hutu, Rabi'a ta lura an rubuta gaisuwar da ke saman saƙon iyaye da kuskuren harafi ɗaya. Ta buɗe fayil ɗin tura saƙo, wanda ba nata ba ne, ta gyara harafin, ta adana, ta tura aikin rumbun da suke ajiye tarihin duk canjin da aka yi. Minti ɗaya bai cika ba. Ba ta tsaya duba abin da ta tura ba, harafi ɗaya ne ai.

Ranar Juma'a saƙonni suka tafi. Ranar Litinin da safe, tun daga ƙasan bene ta ji muryar Malam Datti.

Sakamakon wata makaranta guda ya cakuɗe. Yara ɗari uku da wani abu, kowane uba ya samu na ɗan wani. Yarinyar da ta zo ta ɗaya an aika wa babanta cewa ta faɗi lissafi da Turanci, ta kwana biyu tana kuka ba ta ci abinci ba. Wani kuma ya yanka kaza don ɗansa ya zo na biyu, alhali maimaita aji zai yi. Iyaye sun cika ƙofar makarantar, mai makarantar kuma ta kira Malam Datti ta wanke shi tas, ta ce ko ya ba ta sunan wanda ya yi wannan aika-aika ko ta tattara sauran masu makarantu su bar shi.

Kayode ne ya gano wurin. Layi ɗaya ne tal: an jera sunayen yara bisa haruffa, aka manta ba a jera lambobin wayar iyayensu tare da su ba. Ya gyara a tasa kwamfutar bai kai ga turawa rumbu ba, ya faɗi lambar layin, ya koma kujerarsa ya sa abin jin sauti a kunne, alamar shi ba ruwansa.

Malam Datti ya shiga ofishinsa ya rufo ƙofa. A lokacin ne Rabi'a ta tuna abin da ta saka masa a kwamfutarsa da hannunta bara. Wani ɗan ƙari ne a edita, kana ɗora alama a kan layi sai sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe ya fito a gefe, da ranar. Ya ji daɗinsa ƙwarai a lokacin, har ya ce yanzu ya zama oga na gaske.

Ta buɗe fayil ɗin a nata allon. Layi na ɗaya, Rabi'a, Laraba. Na biyu, Rabi'a, Laraba. Ta gangara har ƙasa, layi ɗari shida da 'yan kai, duk sunanta. Editanta ya mayar da kowane tab sarari huɗu, rumbun kuma bai san bambancin gyaran tsafta da gyaran aiki ba, shi dai an taɓa layi.

Amma ta san maganin wannan, ai ita ce Rabi'a. Akwai harafi ɗaya da ake ƙara wa umarnin da ke fito da sunayen, sai ya kau da kai daga canjin sarari ya nuna wanda ya rubuta ainihin kalmomin. Ta buga. Sunanta ya zube daga allon, sunayen mutane suka dawo. Ta nemi layin.

Lidiya. Mako biyu da suka wuce.

Ta juya a hankali. Lidiya na nan a gefenta, tazarar hannu ɗaya, idonta a kan allon Rabi'a. Ta gani. Rabi'a ta ji tausayin yarinyar ya kama ta. A ranta ta ce, bari in bar ta ta faɗa da bakinta, ya fi mutunci, ni kuma in tsaya mata in ce kuskuren mai koyo ne, laifina ne da ban duba mata ba. Har ta shirya kalmomin. Ta rufe murfin kwamfutar don kada Kayode ya leƙo.

Wajen sha ɗaya Malam Datti ya kira su duka. Ya juyo da allonsa ya fuskance su.

"Rabi'a, karanta mini sunan nan."

"Yallaɓai, sunana ne, amma ba ni na rubuta layin ba. Editana ne ya daidaita fayil ɗin ranar Laraba, shi ya sa sunana ya hau ko'ina. Ka duba sama da ƙasa, duk ni ce."

"Na duba. Duk ke ce. Wato kin shiga fayil ɗin da ba naki ba, kwana biyu kafin hutu, kin taɓa layi ɗari shida, ba ki gaya wa kowa ba."

"Sarari kawai na canza."

"Ke kika sa mini abin nan, kika ce ba ya ƙarya. Yau da ya kama ki ne ya koyi ƙarya? To na ji. In ba ke ba ce, wa ye?"

Rabi'a ta kalli Lidiya. Ta ba ta lokaci, har ta ɗan gyaɗa mata kai, irin na kada ki ji tsoro ina nan. Malam Datti ya bi idon Rabi'a da kallo.

"Lidiya, kina da magana?"

"A'a, sa," in ji Lidiya, kanta a ƙasa. "Ni ban ma san me ke cikin fayil ɗin nan sosai ba. Anti Rabi ce ke duba irin waɗannan."

Rabi'a ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ba tsoron kora ne ya fara zuwa mata ba, kunya ce, kunyar yadda ta zauna tana tsara kalmomin kare mutumin da ya riga ya yanke shawarar barinta a rana.

"Yallaɓai, ba ni minti biyu," ta ce, muryarta ta canza. "Harafi ɗaya zan ƙara, ka ga sunan da idonka."

Ta miƙa hannu ga kwamfutarsa. Ya janye ta.

"Kada ki taɓa. Na san ki, Rabi'a. Ki danna abu uku a baƙin allon nan, ko sunan kakana kika so sai ya fito. Wa zai iya gane abin da kika yi? Ni ba zan iya ba."

"Kayode zai iya. Kayode, don Allah gaya masa."

Kayode ya sosa ƙeya. "Oga, abin da ta faɗa yana iya yiwuwa sha. Amma ni ban san wannan kwamand ɗin ba, ni ba na amfani da editanta. Abeg, kar a sa ni ciki."

Malam Datti ya sauke numfashi, ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Da ya sake magana babu faɗa a muryarsa, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo.

"Tun ƙarfe goma na kira Hajiya mai makaranta na ba ta suna. Ta gaya wa iyaye, sun watse. Yanzu in sake kiranta in ce na yi kuskure, ba waccan ba ce wata ce? Sai ta ce kamfanin nan ko wanda ya yi laifi ba su iya ganewa. Ki yi haƙuri. Ki ajiye kwamfutar da makullin ofis wurin Kayode."

To ashe taron ma na cika sharaɗi ne. Suleja kuwa ba wani girma gare ta ba a wannan sana'ar. Masu makarantu sun san juna, suna haɗuwa a taro, suna da zauren hira a waya. Kafin la'asar duk wanda zai iya ɗaukarta aiki a garin nan zai ji cewa Rabi'a ce ta sa yarinya kwana biyu ba ci.

Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki jakarta da kofin shayinta, ta gyara mayafi, ta fita. Tana sauka daga bene tana jin hayaniyar titi na ƙaruwa, masu keke Napep na ta kiran fasinjan Diko. Ta kai matakala ta ƙarshe ke nan ta ji takun takalmi da sauri a bayanta.

"Anti Rabi! Anti Rabi, tsaya don Allah."

Ta tsaya. Kuma Allah ya sani, duk da abin da ya faru, zuciyarta ta yi sanyi da ta ji muryar. Yarinya ce, tsoro ne ya kama ta, ga shi ta biyo ta. Da ta ce ta tuba, ko ba ta koma sama ta faɗi gaskiya ba, da Rabi'a ta samu abin riƙewa ta tafi gida da shi.

Lidiya ta tsaya matakala biyu sama da ita, tana murza yatsunta. Idonta ya yi ja. Ta waiga sama, ta rage murya.

"Anti, abin nan da kika buga ɗazu, wanda ya fito da sunaye. Yana nan har yanzu? Ina nufin, in wani ya buɗe, zai gani?"

Rabi'a ta dube ta. Wata shida tana amsa wa yarinyar nan tambaya a kan edita, ba ta taɓa ba ta amsar ƙarya ba, yau ma bakinta bai san yadda ake yi ba.

"Yana nan, ba ya goguwa," ta ce. "Amma sai wanda ya san harafin da ake ƙarawa. A ofishin nan ni kaɗai na sani."

Ta ga kafaɗun Lidiya sun sauka. Ta ga numfashin da ta saki.

"Na gode, Anti," in ji Lidiya, ta juya ta hau bene ta koma bakin aikinta.