Inda Ake Taka Birki

"Mayar musu da kayansu," in ji Merv. "Tun kafin ki yaga kwalin."

Ina durƙushe a gaban motata, taya ɗaya a cire, hannuwana sun yi baƙi ƙirin. Shi kuma yana zaune a kan farar kujerar roba a bakin shingen da ya raba gidana da nasa, tukunyar iskar numfashinsa a gefe, siririn tiyo ya zagayo kunnuwansa ya shiga hanci. Ya jujjuya kwalin takalman birkin da na sayo, yana yamutsa fuska kamar an miƙo masa ruɓaɓɓen kifi.

"Na tsere ne fa," na ce. "Mai shagon ya ce babu wanda ya kai shi."

"Bai yi ƙarya ba. Amma ga wanda ya iya." Ya tsaya ya ja numfashi. "Wannan ba ya kamawa sai ya yi zafi jau. Ke kuwa, Raelene, da kike tuƙi kamar kin ɗauko ƙwai, yaushe zai yi zafi? Ki taka a kwanar farko ki ji kamar katako kika taka, sai dai a je a zaro ki daga jikin katanga."

"To in bar na jikin motar mana."

"Na zuwa cefane? Zagaye kaɗan za ki yi ya dahu. Ki taka, mota ta ce ba da ita kike ba." Tari ya sarƙe shi, na jira har ya lafa. "Akwai na tsakiya. Yana kamawa da sanyi, yana jure zafi. Shi za ki karɓo, da sabon man birki."

Merv Haddrick maƙwabcina ne tun ranar da na tare a unguwar. Aikinsa kafa shingen waya a gonakin tumaki, a ƙuruciyarsa kuma duk ƙarshen mako yana filin tsere da wata tsohuwar mota da ya harhaɗa da hannunsa. Ni kuwa a kantin magani nake aiki, kuma na shafe shekaru ina jinyar mahaifiyata. Bayan ta rasu, ina da shekara hamsin da shida, na je na sayi ƙaramar mota mai kujera biyu, ta hannu, ban gaya wa kowa ba. Merv ya leƙo ta saman shinge ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Wannan ba ta zuwa coci ba ce." Shi ya sa ni a gaba har na ba da sunana a ranar masu koyo da ake yi a filin tseren da ke bayan gari. Ya yi alkawarin zai zauna a gefena. Kafin ranar ta zo huhunsa ya gaza, kuma tun kafin Kirsimeti likita ta gaya masa shi da matarsa babu sauran abin da za a gwada.

Na mayar da kwalin, na karɓo wanda ya ce. Na ɗaura su yana ba da umarni daga kujera, yana zagin yadda nake riƙe sifana. Da na gama ya ce sai an zaunar da su, wato a tattaka su har su kwanta, don haka muka cusa tukunyar iskar tsakanin ƙafafunsa, muka nufi hanyar rumbunan alkama inda babu kowa. In ɗauki gudu, in taka da ƙarfi, in saki kafin mota ta tsaya, in sake. Har wari ya fara tashi. Duk takawar da na yi sai kansa ya yi gaba, ni kuma sai in juya in dube shi.

"Ba ka ji ciwo ba?"

"Ki kalli hanya, Direba."

Da muka dawo matarsa Glenys tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ranar Lahadi ba za ka filin tseren nan ba," ta ce masa. "Ka ji abin da likita ta ce."

"Cewa ta yi kada in gaji. Zama zan yi. A nan ma ba zaman nake ba?"

"Kai dai tsohon nan ba ka jin magana."

"Da ina ji ai da ban aure ki ba."

Bayan ta kai shi ciki ta dawo ta same ni ina wanke hannu a famfon waje. Ta yi ƙasa da murya. "Rae, in na hana shi, da abin zai tafi a ransa. In na bar shi kuma..." Ba ta ƙarasa ba. Na ce zan fasa zuwa, in ce motar ce ta sami matsala. Ta girgiza kai. "Zai gane. Ya fi ki sanin motar."

Ranar Lahadi rana ta fito da zafi tun da safe. Filin cike da samari da motoci masu ruri, ni kuma hular kwanon da na aro tana matse min kumatu. Wani mai furfurar gemu, Warwick, wanda zai zauna a gefena a fitar farko, ya tara mu masu koyo ya yi mana bayanin tutoci. A ƙarshe ya ce, "Kome ya faru, ba a tsayawa a kan titi, ba a juyowa. Ka ƙarasa zagayenka ka fita ta inda ake fita."

Merv ya sa an ajiye kujerarsa a kan wani tudu bayan shingen waya, ƙarƙashin itacen turare, daidai ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, inda kowace mota take taka birki kafin ta sha kwana. Glenys tana gefensa da shuɗiyar lema.

Fitar farko ban san yadda na yi ta ba. Akwai alluna uku a gefen hanya da ke nuna kwana ta matso, ni kuwa tun kafin na farko nake taka birki. Motoci suna wuce ni fuu, Warwick yana cewa, "Ba kome, ki saki kafaɗunki, ki yi numfashi." Na fito daga motar. Na hau tudun na tarar da Merv yana cin fanken nama da miyar tumatir, abin da aka hana shi.

"Sannu da zuwa, Direba. Na ga kin fara taka birki tun daga ƙofar gida."

"Tsoro nake ji, Merv."

"Da ba ki ji ba da na ce a ƙwace makullin." Ya goge baki. "Saurara. Ki jira allo na tsakiya. Ki taka sau ɗaya, da ƙarfi, mota tana miƙe. Sannan ki sassauta a hankali ki juya. Kuma kada ki kalli katanga. Inda idonki ya je, nan mota za ta."

Yana magana yana tsayawa tsakanin kalmomi. Leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi. Na kalli Glenys, ta kau da kai ta shiga gyara lema.

"Mu tafi gida haka nan," na ce. "Na ɗana, ya isa."

"Kin zo nan ne ki ɗana? Wuce ki ba ni wuri."

Fita ta biyu ta fi sauƙi. Na fara jin yadda motar take zama a kan hancinta in na taka, yadda takalman suke cizo ba tare da gardama ba. Bayan cin abincin rana Warwick ya buga rufin motar ya ce, "Yanzu ke kaɗai." Kujerar gefena fayau. Na tayar da mota na fita.

Duk zagayen da na yi, in na shigo miƙaƙƙiyar hanya sai in saci kallon tudun. Merv ya ɗaga hularsa. Na sake zagayowa, ya sake ɗagawa. Har na fara jin daɗi, na ji ina yi wa kaina surutu cikin hular kwano.

Sai na zagayo na ga lema a ƙasa iska tana mirgina ta. Kujera ta kife. Glenys tana durƙushe, hannu ɗaya a sama tana kiran mutane.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ba. Da na dawo da idona kan hanya, allo na tsakiya ya wuce, na ƙarshe yana tahowa, katanga kuma ta cika gilashin gaba. Na danna birki da iya ƙarfina. Bel ya cije min kafaɗa, tayoyi suka yi ƙara, bayan motar ya yi wutsil-wutsil kamar zai zagayo gaba. Na cire idona daga katangar da ƙyar, na kalli cikin kwanar, na juya sitiyari. Taya ɗaya ta ɗebi tsakuwa. Motar ta sha kwana.

Merv da Glenys suna bayana yanzu, tazarar jifa kawai, kuma ba ni da ikon tsayawa. Sai na zagaye filin gaba ɗaya. Kafin in kai kwana ta gaba aka ɗaga jar tuta, don motar asibitin filin ta bar wurinta, kowa ya rage gudu. Na shiga layi bayan wata farar mota da ke tafiya kamar ta 'yan rakiyar gawa. Ina ihu cikin hula, "Matsa mana! Don Allah matsa!" Ta cikin itatuwa ina hango fitilar motar asibitin tana juyawa, ta ɓace, ta sake bayyana. Ban taɓa bin hanya mai tsawon wannan ba.

Na bar motar ƙofa a buɗe, na ruga da hular a kaina. Na tarar ma'aikatan motar asibitin sun ɗora shi a gadon ɗauka, an rufe masa baki da hanci da abin shaƙar iska, idonsa a rufe. Glenys ta bi shi cikin motar da takalmi ƙafa ɗaya.

Washegari da yamma ya farfaɗo. Na same shi a ɗakin asibiti an jingina shi da matasai, ya ƙanƙance kamar an rage shi. Ya yi min alama da yatsa in matso.

"Takalman sun kama?"

"Sun kama."

"Feda ba ta yi laushi ba?"

"Ko kaɗan."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. "An ce kin kusa sumbatar katanga."

"Kai na tsaya kallo."

"Me na gaya miki?" Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Glenys ta ɗaga shi tana shafa bayansa har ya samu kansa.

"Ba zan sake komawa ba," na ce. "Da ban je ba da yanzu kana gida."

"Da ina gida ina kallon bango." Ya daɗe yana tattara numfashi. "Takalman nan ko rabi ba ki ci ba. Kada ki yi min asararsu."

"Ka yi shiru haka nan," in ji Glenys. "Ka ƙarar da iskar mutane."

"Ji ta fa," ya ce da ni. Daga nan barci ya ɗauke shi. A bakin ƙofa Glenys ta riƙe hannuna ta ce tun da aka sa masa tiyon nan ba ta ga ya cinye abinci tas ba sai ranar Lahadin nan a filin.

Ranar Laraba da safe ina buɗe kanti waya ta yi ƙara. "Rae," in ji Glenys, "ya tafi. Ki zo ki ɗauke ni." Ta ce tana taje masa gashi ne, yana ƙorafin tana ja masa, sai ya yi shiru.

Na ɗauko ta. Ta sunkuya da ƙyar ta shiga ƙaramar motar, ta ɗora ledar asibiti a cinya, da silifas ɗinsa da tabaransa a ciki. Na ja mota har unguwa. Na tsaya a ƙofar gidansu na kashe inji, amma ba ta kai hannu ga ƙofa ba, ni ma ban motsa ba. Titin shiru, kowa ya tafi aiki.

Can sai muka ji tsit-tsit daga gefen gidan. Abin ban-ruwan da Merv ya saita ne ya tashi da kansa, yana juyawa a hankali a kan tumatirinsa, ruwan yana kaiwa har bakin siminti. Muka zauna muna kallo.