Sabuwar Riga a Ranar Tsere

Da aka busa usur, tafkin ya tafasa. Mutum ɗari uku suka faɗa ruwa lokaci guda, huluna ja da rawaya suna nutsewa suna tasowa, hannuwa suna sara kamar ana yankan rake. Vasantrao Nalawade ya yi ɗage yana neman 'yarsa, amma a cikin ruwa 'yar kowa kai ce kawai da hula.

"Ga ta can, Dada," in ji ƙanwarsa Kusum, tana nuni da lema.

"Wancan gemu gare shi."

Iyo na kusan kilomita huɗu, sannan keke kilomita ɗari da tamanin, sannan gudu arba'in da biyu, duk a wuni ɗaya. Vasantrao ya karanta tarihin sarakuna da dama a shagonsa na ɗinki, lokacin da mata suka koma sayen kayan kanti suka bar masa lokacin karatu, bai taɓa cin karo da sarkin da ya yanke wa bawa irin wannan hukunci ba. Ga mutanen Kolhapur, likitoci da 'yan sanda da masu gidan burodi, sun ɗora wa kansu. Cikinsu har da Mrunal, malamar lissafi, uwar yara biyu, wadda ta shekara biyu tana tashi kafin zakara saboda wannan rana.

Abu ɗaya dai ya gyara mata. A gidansu ba a shiga babbar rana da tsohon tufafi. Aure, jarrabawa, ranar kama aiki, duk da sabon kaya ake zuwa, bayan an kai shi gaban Ambabai, allahiyar da suke bauta wa, an ɗiga masa kurkum a gefe. Matarsa Sumitra ce ke kula da wannan, har ta mutu shekara huɗu da suka wuce ta bar masa al'adar da tukwanen da bai san murafensu ba. Ita kuwa Mrunal wata riga gare ta marar hannu, da baƙa ce, yanzu ta koma launin toka, bayanta duk zanen gishirin gumi. Da ita ta ce za ta shiga tsere. Ya yi magana sau biyu, ta ce, "Baba, bar wannan." Sai ya bari, ya je kanti ya sayo sabuwa, shuɗiya mai sheƙi.

Ɗinkin kamfani bai gamsar da shi ba. Ya bi bakin hammata ya ƙara layi biyu da zare mai ƙwari. A ciki, daidai ƙeya, ya zauna ya saƙa sunan Sumitra da zaren zinariya, irin wanda yake sa wa rigunan amare. Jiya da rana, da Mrunal ta haɗa jakar da za ta miƙa wa alƙalan tsere ta shiga wanka, ya zare tsohuwar ya sa sabuwar. Tsohuwar ya cusa ta a jakarsa ta yadi don kada ta gani a gida. Kusum ta riga ta yi mata miji: matar nan mai yawo tana musayar tsummoki da kwanukan silba za ta zo ran Talata.

Yana zaro gorar shayi daga jakar sai wuyan rigar ya biyo ta.

"Kaka, wannan ba rigar Mrunal ba ce?"

Feroz Mujawar ne, mai gyaran kekuna, wanda ya horar da ita. Gwiwa ta hana shi shiga tseren bana, shi ya sa yake tsaye bayan igiya tare da tsofaffi.

"Ita ce. Ta yi ritaya."

"To me ke cikin jakarta?"

Vasantrao ya gaya masa, har da layi biyun da zaren zinariya, don aikin bai cancanci a ɓoye shi ba. Feroz ya ɗaga hannu ya ja hannun rigarsa baya. Ƙarƙashin hammatarsa akwai tabo mai faɗin yatsu uku, yana ƙyalli kamar na ƙuna.

"Sabuwar riga ce ta yi min wannan. Surukina ya ba ni kyauta. Na fita daga tseren a kilomita goma sha tara, ina kuka kamar amarya."

"Ɗinkin banza aka yi maka. Nawa ba ya kwancewa."

"Abin tsoron ke nan, Kaka. Ka ga bakin rijiyarku ta ƙauye? Dutse ne, amma igiya ta yi masa rami. Hannun nan zai je ya dawo sau dubu arba'in, ga gumi, ga gishiri. Wannan tsummar da kake raina wa, shekara biyu suna faɗa da fatarta kafin su shirya. Ba a sa sabon abu ranar tsere. Ko safa."

Kusum ta ce, "Amma an kai ta gaban Ambabai."

"Atya, Ambabai ba ta gudu a cikinta," in ji Feroz, yana kiranta yadda Mrunal ke kiran gwaggon tata.

Shekara arba'in da uku Vasantrao yana auna jikin mutane a tsaye, sun riƙe numfashi, sun miƙe kafaɗa. Bai taɓa tunanin abin da ɗinki ke yi wa jikin da ya ƙi tsayawa ba. Ya ɗauki jakar ya nufi tantin da mata ke sauya kaya. Wata mace ƙaƙƙarfa mai usur a wuya ta tare shi da hannu ɗaya.

"Riga ce kawai, 'yata. Ki sa mata a jaka mai lamba ɗari biyu da sha ɗaya."

"An rufe jakunkuna tun jiya. In ta karɓi ko tsinke daga hannunka, an cire ta."

"Kuskure aka yi."

"Wa ya yi?"

Vasantrao ya juya ya koma bayan igiya.

Bayan awa ɗaya da rabi ta fito daga ruwa, tana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, ta fizgi jakarta ta shige tanti. Mata suna shiga suna fita cikin minti biyu. Uku suka wuce. Biyar. Vasantrao ya san abin da take yi: tana tsaye da rigar a hannu, tana shafa ɗinkin da babban yatsa, yadda ya koya mata tun tana 'yar shekara bakwai.

Sai ga ta. Shuɗiyar rigar ce a jikinta, amma a baibai. Duk haƙarƙarin ɗinkin a waje, layinsa biyu sun fito kwance a kafaɗunta kamar kunyar gona, takardar kamfani tana lilo a gefe, sunan Sumitra yana walƙiya a ƙeyarta ga duk mai ido. Ba ta dube su ba. Ta haye keke ta tafi.

Kusum ta rufe baki da gefen zanenta na sari. "A baibai, gaban duk garin nan. 'Yar tela."

Feroz ya yi dariya har ya dafa gwiwarsa mai ciwo. "Akwai ta da basira, wallahi. Ta juya haƙoran waje. Ba zai hana duka ba, amma ya rage."

"Zai kai ta ƙarshe?"

"Ban sani ba, Kaka."

Rana ta hau. Suka zauna gindin wata bishiya a bakin titi, Kusum ta buɗe gurasar dawa da yaji, shi ko loma bai iya ba. Kwalta tana rawa da zafi. Kekuna suna wucewa da wani irin shuu, mahayan sun kwanta a kai kamar masu sauraron ƙasa. Ya ga wani tsoho, sa'ansa ne ko ya girme shi, ƙafafu kamar busasshen itace, yana murza feda yana murmushi shi kaɗai. Ya ga wata mace ta yi amai a gefe ba tare da ta sauka ba, ta goge baki ta ci gaba. Tun mutuwar Sumitra ya yanke wa ɗan Adam hukunci cewa buhun ƙorafi ne mai ƙafa biyu, kuma ya haɗa da kansa. Yau hukuncin ya ƙi zama. Bai san jiki yana da wannan ajiya ba. Shi dai yana ɗinka masa sutura, ashe bai san wanda yake ɗinka wa ba.

Da la'asar aka fara gudu, zagaye huɗu, kowanne ta gabansu. Yanzu idon tela ya buɗe. Wanda rigarsa ta koɗe yana tafiya lafiya. Wani saurayi cikin farar riga, sabuwa fil har da alamar ninki, layin jini biyu sun gangaro masa daga ƙirji zuwa ciki, yana gudu da hannuwa a buɗe kamar mai ɗauke da tulu biyu.

Zagayen farko Mrunal ta wuce lafiya. A na biyu ya ga shuɗin ya yi duhu ƙarƙashin hammatar hagu, inda bakin ɗinkinsa ya naɗo ciki duk da juyin. A na uku duhun ya kai ƙugu, tana riƙe da hannun nesa da jiki, gudun ya koma ɗingishi. Ya tashi ya bi igiya yana sassarfa kusa da ita, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Mrunal, ki tsaya. Ni na yi. Ni na sauya."

"Na san ɗinkinka, Baba." Ba ta juyo ba. "Ka sha maganinka na rana?"

"Jini kike yi."

"Atya, ki ba shi maganinsa."

Ta wuce. Ya tsaya riƙe da igiya yana kallon zaren zinariyar yana tashi yana sauka, har ya shige cikin mutane. Sumitra, wadda ko kasuwa ba ta zuwa sai a keken haya, yau ta zagaye gundumar nan kaf.

Magariba ta yi, an kunna fitilu, sannan ta shigo layin ƙarshe. Awa goma sha uku da minti hamsin. Mai lasifika ya kira sunanta, mutanen da ba su san ta ba suna buga allunan gefen hanya. Ta taka layin ta tsaya, kamar ta manta yadda ake tsayawa.

A tantin jinya suka same ta, an lulluɓa mata bargo, an manna auduga a hammata da gefen wuya. Shuɗiyar rigar tana ƙasa a dunƙule.

"Ina rigata?" ta ce.

Ya ciro ta daga jaka. Ta sa a hankali, tana cije leɓe, ta sauke ajiyar zuciya kamar wadda ta shiga ɗakinta.

Kusum ta ce, "To, kwanon silba ya tafi ke nan. Sai dai mu ba matar wannan shuɗiyar."

"Kada wanda ya taɓa ta," in ji Mrunal, idonta a rufe. "Yanzu ta fara tsufa. Wata shida ina sa ta, za ta yi hankali."

Vasantrao ya sunkuya ya ɗauki rigar. Tana da nauyi, tana warin tafki da gishiri. Ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, ya sa tabarau. Jinin ya bi layinsa biyu sak, ya tsaya daidai inda suka tsaya. Ko da allin tela ba zai yi alama mai kyau haka ba.

"Sunan fa?" ya ce. "In farke?"

"Ka bar shi. A waje zai zauna."

Ya laluba aljihun gaba, ya ciro ɗan almakashinsa, ya fara daga hammatar hagu.