Lamba Takwas a Bayan Kabad

Kabad ɗin ya girmi Auta da shekara biyu. Baba ne ya haɗa shi da hannunsa tun yana matashin kafinta mai ji da kansa, ya kai wa matarsa. Tsayinsa ya wuce na mutum, ƙofofinsa na sama gilashi ne, kuma har yau kofunan marigayiyar suna jere a ciki yadda ta bar su. Da Baba ya dawo zama wurin 'yarsa Auta, a hawa na biyu na wani dogon gini, abu biyu kawai ya ce ba ya tafiya sai da su: akwatin kayan aikinsa da wannan kabad.

Matsalar ita ce jikarsa. Shekararta biyu da rabi, amma tuni ta ci sunan Ƙadangaruwa, don ba ta ganin abu a tsaye ta ƙyale shi. Ranar Laraba Auta ta fito daga kicin ta tarar ta jawo durowar ƙasa ta taka, ta kama ta biyu, kabad ɗin kuwa ya fara sunkuyowa. Da kafaɗa uwar ta tare shi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Auta. "Ko a kafe shi a bango, ko ya bar gidan nan. Ba zan iya zama da fargaba ba."

Baba bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Amma maganar ta sosa masa rai, ranar ko rabin abincinsa bai ci ba.

Mijin Auta ma'aikacin ofis ne, mutumin kirki, sai dai ya yarda cewa duk abin da ya fi girma ya fi ƙarfi. Washegari ya dawo da injin huda bango na aro da leda cike da fisha, wato 'yar robar nan da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru. Ya zazzage su a tebur, ya zaɓi mafi kauri, lamba goma, ya yi huda, ya tura ta da babban yatsa ta shige zuruf. Sannan ya ɗaura mata wani siririn sukuru da ya tsinto a durowar kicin, ya kafe kabad ɗin da shi.

Baba yana zaune a kujerarsa yana kallo, bakinsa na ƙaiƙayi. Shekara uku ke nan hannunsa na rawa, ko kofin shayi sai da hannu biyu yake riƙewa, kuma tun daga lokacin ya koya wa kansa yin shiru a gidan mutane. Surukin ya gama, ya kakkaɓe hannu, ya ja kabad ɗin don ya nuna aikinsa. Fishar ta fito tare da sukurunta da ɓaraguzan filasta, kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi.

"Bangon ne ruɓaɓɓe," in ji shi.

Auta ta ɗauki waya, ta yi magana da mai motar kaya da zai ɗauke kabad ɗin, suka tsayar da yammacin Asabar.

Da safiyar Asabar Baba ya tsinci fishar nan a bayan kujera. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya je ya zura ɗan yatsa a ramin, ya murza garin da ya fito. Fari ne tas. Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, ya kira 'yarsa.

"Auta, ki ara mini hannuwanki na awa ɗaya."

"Baba, ni ban taɓa riƙe injin nan ba."

"Kin riƙe allura kin sa ƙatti kuka a asibiti, wannan ne zai gagare ki? Zo ki gani. Bangon nan lafiyarsa ƙalau. Filasta ce aka lafta masa da kauri, robar kuma gajera ce, duk a cikin filastar ta tsaya, ko gaisawa da bulo ba ta yi ba. Ga sukurun siriri, ya shiga yana yawo a cikinta. Ita roba sai sukuru ya cika ta, ya buɗa ta, sannan take cizon bango."

Surukin yana tsaye a bakin ƙofa da Ƙadangaruwa a kafaɗa. Ya sosa ƙeya. "To Baba, ai da ka faɗa tun shekaranjiya."

"Ai da ka tambaya tun shekaranjiya."

Duk suka yi dariya, har da yarinyar da ba ta san abin da ake yi wa dariya ba.

Baba ya buɗe akwatinsa. Ya sa Auta ta tona ledar ta ware masu lamba takwas, dogayen. Shida ta yi ƙanƙanta ga kaya mai nauyi haka, ya ce, goma kuma ba laifinta ba ne, sai dai babu sukurunta a gidan, sukurun da ke akwatinsa na takwas ne. Ya sa ta gwada bakin injin da robar, kauri ɗaya. Ya sa ta naɗa salatif a jikin bakin, daidai tsawon robar da ɗan ƙari, don ta san inda za ta tsaya. Sannan ya ƙwanƙwasa bangon da ƙashin yatsa, ya kasa kunne, ya nuna wuri nesa da tsohon ramin da taƙi guda.

"Miƙe shi sosai. Kada ki danna da ƙarfi, bar shi ya ci da kansa."

Injin ya ɗauki ƙara. Farin gari ya fara zuba a kan jaridar da suka shimfiɗa. Can sai ƙarar ta yi nauyi, garin ya koma ruwan toka.

"Mun kai bulo," in ji Auta, ba tare da ta waiwayo ba.

Baba ya dube ta. "Wa ya gaya miki?"

"Kai mana. Kana gaya wa yaran shagonka, ni kuma ina ƙarƙashin benci ina wasa da garin katako. Fari filasta, toka siminti, ja jan bulo."

Shekara arba'in yana koyar da 'ya'yan mutane, bai taɓa tunanin ɗora wa 'yarsa guduma a hannu ba. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ji daɗi ƙwarai, sai ya ce mata ta hure ramin da kyau, kuma ta rufe ido.

Ta hure, ta saka robar. Rabinta ya shiga, sauran ya tsaya cak.

"Ta ƙi, Baba."

"Madalla. Wadda ta shiga da yatsa, da yatsa za ta fita. Ba ta guduma, a hankali."

Bugu uku ta shige, ta yi daidai da fuskar bango. Suka yi ta biyu haka. Surukin ya ajiye 'yarsa a ɗaki ya zo ya tura kabad ɗin wurinsa, Auta ta hau kujera ta ɗaure samansa a bango da wasu ƙarafa biyu masu kusurwa daga akwatin Baba. Sukurun ƙarshe sai da ta cije leɓe kafin ya zauna.

"To maigida," in ji Baba, "bismilla. Ja da duk ƙarfinka na ofis."

Surukin ya kama, ya ja, ya sake ja, a ƙarshe ya ɗage ƙafafu ya yi reto a jikinsa. Ko kofi ɗaya bai motsa ba. Ya sauko yana haki, ya ce shi daga yau ya daina raina ƙananan abubuwa. Auta ta ɗauki waya ta ba mai motar haƙuri.

Baba ya ciro fensir daga akwati, ya ce a buɗe masa ƙofar ƙasa. A can ciki, a jikin katakon baya, akwai layi uku na rubutunsa da suka dusashe: gidajen da kabad ɗin ya zauna, da irin bangon kowanne, da lambar da ta riƙe shi. Auta ba ta taɓa lura da su ba. Ya durƙusa zai ƙara na huɗu, fensirin ya yi ta rawa a kan katakon, ya ƙi zama.

Auta ta durƙusa kusa da shi, ta karɓa.

"Me zan rubuta?"

"Ke kika yi aikin."

Ta rubuta: bulon siminti, filasta mai kauri, lamba takwas doguwa. Baba ya karanta sau biyu, ya gyaɗa kai. Yanzu ko an tashi daga gidan nan ba ya nan, akwai wadda ta san yadda ake kafe shi. Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya ce a saki Ƙadangaruwa ta zo ta gwada sa'arta.