Kafaɗata a Makarar Jibo

Jan ruwan da suka riƙa ɗura mini a asibitin Yamai ya kashe ciwon daji, ya kuma haɗa da zuciyata. Likita ya ce ta yi laushi, kada in ƙara ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Ni Barmo, da na tsufa ina dakon buhunan gero a kasuwar Maraɗi, wai buta.

Tun daga nan gida ya mai da ni ƙwai. Ko tari na yi sai a zuba mini ido, abin yana ƙona mini rai.

Sai ga labari Jibo ya rasu a Tibiri. Gadonsa na kusa da nawa a Yamai, tare muka yi amai, tare gashinmu ya zube. Mun yi alkawari duk wanda ya rage zai sa kafaɗa a makarar ɗan'uwansa.

Ƙanena Inusa ya kai ni a babur, yana ta mita.

"Yaya, salla kaɗai za ka yi hwa. Dubi yadda ƙahwahunka sunka kumbura."

Na ce masa ya kalli hanya.

Da aka sallaci Jibo aka ɗaga makara, na kutsa na dafa wani saurayi a gaba, ya ba ni wuri kamar yadda aka saba. Jibo ba nauyi, ciwo ya riga ya cinye shi. Amma kafin mu fita unguwa ƙirjina ya fara dukan uku-uku, numfashi ya ƙi shiga. Na ji tsoro ƙwarai.

Inusa ya matso ya kama makarar. "Don Allah sabka hakanan. Biyu kake so mu ruhe yau?"

"In ta kama, ai mun kusa wurin. Cire hannunka."

Ya cire. Kowa ya san da sauri ake tafiya da gawa, amma sai na ji sauran masu ɗauka sun rage sauri, suna bin takuna. Jama'a duk suka ja ƙafa. Ba wanda ya ƙara miƙo mini kafaɗa.

Sai da muka aje shi bakin kabari sannan na zauna daɓas, baki buɗe. Inusa yana hawaye yana yi mini fifita da hularsa. Da magana ta dawo mini, na ce ya bar fifitar ya ɗebo mini ƙasa in zuba wa abokina.