Kujerar Malami

Ku yi mini afuwa, karatu na sani, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi tuntuɓe, ku kau da kai.

A ɗakin koyon tiyata akwai wata na'ura mai hannuwa huɗu, sunkuye kan gado kamar gizo-gizo. Likita ba ya taɓa mara lafiya. Can gefe yake zama, ya kifa fuska a madubin na'urar, ya zura yatsu cikin mariƙai biyu, duk yadda ya motsa haka hannuwan ƙarfen za su bi. Kujerun na'urar biyu ne, ta ɗalibi da ta malami. Ƙa'ida ce, in ɗalibi ya rikice ya ce, "Na saki," malami ya amsa, "Na karɓa," aiki ya koma hannunsa.

Auta, wadda ta fi duk likitocin ƙuruciya, sau biyu tana faɗuwa jarrabawar ɗinki. In ta faɗi yau, sallamarta za a yi. Malaminta, wanda kowa ke kira Baba, wata uku ke nan da rasuwa, har yau ba mai zama kujerarsa.

"Dakta, wannan gumi fa?" in ji Sista, tana gyara hanjin roba a kan gado. "Roba ce, ko kin huda ta ba ta da dangin da za su biyo ki."

Farfesa mai jarrabawa ya tsaya gaban allon bango mai nuna aikin, ya danna agogo. "Minti goma. Bismillah."

Ta fara lafiya lau. A ɗinki na uku allura ta kuɓuce. Ta kamo ta, zare ya sarƙe. Saura minti huɗu. Bakinta ya riga hankalinta, ta raɗa abin da ta saba:

"Na saki."

Ba wanda ya amsa. Amma mariƙan suka mutu a yatsunta.

A cikin madubi ta ga hannun hagu na na'urar ya ɗaga a hankali, ya warware zaren ba garaje, ya soka allura, ya ja, ya ƙulla. Ita kuwa ba bahaguwa ba ce. Baba ne kaɗai ke ɗinki da hagu. Tsigar jikinta ta tashi. Ta saci kallon kujerar da ke gefenta: wayam, sai dai katifarta ta ɗan lotsa.

"Minti tara da rabi!" in ji Farfesa. "Kai! Ɗinkin Baba sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ranka ya daɗe, ni ba..."

"Bar kunyar nan, 'yata. Ranar Litinin akwai matar da za a cire wa madaciya, ke za ki yi. Ga takarda can, sa hannu."

Ya juya yana nuna wa sauran likitoci ƙullin, ana ta barka.

Auta ta tsaya kan takardar, biro a hannunta. Shekara bakwai take bin wannan rana. Amma matar Litinin ba roba ba ce. In zare ya sarƙe a cikinta, ta ce ta saki, ba a karɓa ba fa? In kuma aka karɓa?

Ta ajiye biron a hankali don kada ya yi ƙara. Ta bi ta bayan labule, ta sulale, su kuwa suna can suna yabon ɗinki.